Ten na Pearl Jam: Haɗin 1991 ko na 2009, Wanne Ya Kamata Ka Fara Ji?

Duk wanda ya nemi kundin farko na Pearl Jam, ƙungiyar kiɗan rok ta Amurka, a Spotify ko YouTube zai tarar da abu biyu a jere: ɗaya sunansa Ten, ɗayan Ten Redux. Waƙoƙi goma sha ɗaya ne iri ɗaya, jerinsu ɗaya, mutane biyar ɗin nan ne dai, kuma ɗaukar da aka yi a 1991 ce a cikin duka biyun. Ba a sake rera ko baiti guda ba. Amma in ka saurari wannan sannan ka saurari wancan, sai ka rantse a wurare biyu aka yi kiɗan: na farko a cikin wani makeken zaure mai dogon rufi, na biyu a ɗaki ƙarami inda mai ganga ke zaune taku uku daga gare ka. Mutane da yawa sukan danna wanda ya fara zuwa hannu, su yanke wa kundin hukunci a kan haka, ba tare da sanin cewa akwai wani ba.

Kafin a je ga zaɓi, sai an bambance matakai uku da waƙa ke bi a situdiyo, domin rikicin duka a nan yake. Akwai ɗauka, inda ake naɗar kowane kayan kiɗa da murya a layinsa daban. Akwai haɗawa, abin da 'yan situdiyo ke kira miksin, inda mutum ɗaya yake zama ya yanke wane layi zai fito gaba, wane zai koma baya, wane zai tafi kunnen hagu ko na dama, da yawan eko da za a zuba wa kowanne. Sai mastarin, gogewar ƙarshe da ake yi wa haɗaɗɗen sautin gaba ɗaya kafin a buga shi. Idan aka ce an sake mastarin kundi, haɗin yana nan yadda yake, an dai ƙara masa ƙarfi ko haske. Idan kuwa aka ce an sake miksin, to an koma kan tef ɗin asali mai layuka da yawa an warware komai an sake ɗinkawa. Ten ya sha duka biyun a 2009, don haka a zahiri sauti uku ne ke yawo: faifan CD na 1991, haɗin 1991 da aka sake wa mastarin, da kuma sabon haɗin da mai haɗa sauti Brendan O'Brien ya yi, wato Redux.

Yadda aka yi kundin yana bayyana dalilin da ya sa sautinsa na farko ya zama haka. Stone Gossard mai jita da Jeff Ament mai jitar bes suna cikin ƙungiyar Mother Love Bone ne a Seattle, sai mawaƙinsu Andrew Wood ya rasu a watan Maris na 1990 sakamakon shan ƙwaya. Gossard ya naɗi wasu kiɗe-kiɗe marasa murya tare da Ament da wani mai jita Mike McCready, kaset ɗin ya bi ta hannun makaɗin ganga Jack Irons ya isa San Diego wurin Eddie Vedder, wanda ya zama mawaƙin Pearl Jam, shi kuma ya ɗora murya a kan uku daga ciki ya mayar: "Alive", "Once" da "Footsteps". Da farko sunan ɗan wasan ƙwallon kwando Mookie Blaylock suka saka wa ƙungiyar, kuma lambar rigarsa, 10, ita ce ta zama sunan kundin. Sun shiga London Bridge Studio a Seattle daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Afrilu na 1991, Rick Parashar yana jagorantar ɗaukar, Dave Krusen yana kan ganguna. A lokacin ƙungiyar ba ta fi wata shida da haɗuwa ba. Krusen ya bar su a watan Mayu, sannan a watan Yuni aka ɗauki tef ɗin zuwa Ridge Farm, wani situdiyo a karkarar yankin Surrey na Ingila, inda Tim Palmer ya yi haɗin. Kamfanin Epic ya fitar da shi ranar 27 ga Agusta, 1991, mako huɗu kafin Nevermind na Nirvana.

Palmer ya fito ne daga salon rok na ƙarshen shekarun 1980. Ya yi aiki da Robert Plant da ƙungiyar Tin Machine ta David Bowie, kuma shi ya haɗa kundin Mother Love Bone. A wancan zamani abin da ake so shi ne girma: ƙaramar gangar da ke gaban makaɗi ta yi ƙara kamar an harba bindiga a cikin masana'anta, murya ta bar jela a bayanta, jita ta bazu ta cika ko'ina. Haka ya yi wa Ten. Kuma ba haɗawa kawai ya yi ba, ya ƙara abubuwa. A "Oceans" akwai ƙarar kwalbar barkono da ake girgizawa da ta tukunyar kashe gobara da ake bugawa da sanda, saboda situdiyon yana nesa da inda za a yi hayar kayan kiɗa. Ƙarshen kiɗan jitar McCready a "Alive" ma a Ridge Farm aka sake ɗaukarsa, bayan an gwada haɗa guntaye daga ɗauka daban-daban McCready bai gamsu ba, ya sake bugawa sau ɗaya ya zauna.

Kundin bai yi kasuwa nan take ba. Sai cikin 1992 ya hau har matsayi na biyu a jerin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa, daga baya kuma hukumar RIAA ta tabbatar masa da kwafi miliyan 13 a Amurka kaɗai. Duk da haka 'yan ƙungiyar sun sha faɗa a hirarraki cewa ekon ya yi yawa, kuma Ament ne ya fi nacewa a sake haɗa shi. Tun daga kundi na biyu, Vs. na 1993, suka koma aiki da Brendan O'Brien, wanda salonsa busasshe ne, kai tsaye, kamar kana tsaye a wurin atisaye. Shi ya yi musu Vitalogy da No Code da Yield. Shi kansa O'Brien ya yi jinkiri kafin ya yarda ya taɓa Ten, don yana ganin sautin farkon ne miliyoyin mutane suka saya suka ƙaunata. A 2004 ya sake haɗa waƙoƙi uku domin kundin zaɓaɓɓu na rearviewmirror, sannan a ranar 24 ga Maris, 2009 aka fitar da kundin gaba ɗaya da sabon haɗinsa.

To me ya canza a kunne?

Abu na farko da za ka lura da shi ganguna ne. A haɗin Palmer, kowane bugu na ƙaramar ganga yana barin wutsiya, kuma kafin wutsiyar ta mutu wani bugun ya zo. A waƙa mai tafiya a hankali wannan ado ne. A mai sauri kuwa, wutsiyoyin sukan taru su zama hazo, har ƙananan bugun da Krusen ke yi tsakanin manyan su ɓace. O'Brien ya datse wutsiyar, sai ga makaɗin ya bayyana. An daɗe ana kallon Krusen a matsayin wanda ya riƙe wuri kafin makaɗin ganga Dave Abbruzzese ya zo, amma wanda ya ji "Why Go" da "Porch" a Redux zai gane cewa hannunsa yana da nauyi da lanƙwasa, kuma yana jan kiɗan baya kaɗan ta yadda jita ke samun wurin numfashi. Wannan kaɗai ya isa dalilin sake haɗin.

Na biyu jitoci ne. Pearl Jam masu jita biyu gare su kuma aikinsu daban: Gossard yana riƙe ƙashin waƙa da gajerun bugu masu maimaituwa, McCready yana yawo a samansu da salon bulus irin na Jimi Hendrix da Stevie Ray Vaughan. A 1991 eko ya narkar da su wuri guda, sai ka ji bango ɗaya na ƙara. A 2009 kowa yana tsaye a wurinsa, kana iya bin hannun Gossard daga farko har ƙarshe ba tare da ya ɓace maka ba. Duk mai koyon jita da ke son cire waɗannan waƙoƙin da kunne, Redux zai ɗauka, babu ma wata muhawara. Haka mai koyon bes: Ament ya yi amfani da bes marar ƙarafan wuya a wasu waƙoƙin, wanda sautinsa ke zamewa daga murya zuwa murya, da kuma bes mai tsirkiya goma sha biyu ƙirar Hamer a "Jeremy", kuma duka biyun sun fi fitowa a sabon haɗin.

Na uku murya, kuma a nan ne ciniki ya daina zama riba zalla. O'Brien ya jawo Vedder kusa. Kalmominsa sun fi fita, abin da ba ƙaramin taimako ba ne ga wanda Turanci ba harshensa na farko ba ne, domin Vedder mutum ne mai tauna kalma, ko 'yan Amurka sukan yi gardama kan abin da ya ce a "Even Flow". Kana jin numfashinsa, kana jin inda maƙogwaronsa ya kama. Sai dai waƙoƙin Ten kusan duka na kaɗaici ne. "Alive" labarin saurayi ne da aka gaya masa cewa wanda ya ɗauka mahaifinsa ba shi ba ne, na ainihin kuma ya riga ya rasu, abin da ya faru da Vedder kansa. "Even Flow" kan mutumin da ke kwana a titi ne. "Why Go" yarinya ce da aka kulle a asibitin masu taɓin hankali. "Jeremy" ta samo asali daga labarin jarida kan wani ɗalibi a jihar Texas da ya harbe kansa a gaban 'yan ajinsu a Janairun 1991. Murya mai irin wannan labari, idan ta fito daga tsakiyar fili mai faɗi da babu kowa, faɗin da kansa ya zama wani ɓangare na maganar. Ekon Palmer yana yin wannan aikin ko da ba da niyya aka yi ba. Da aka cire shi, mawaƙin ya matso kusa, amma kaɗaicin ya ragu.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne "Release", waƙar ƙarshe. Jita ɗaya ce ke juya 'yan muryoyi kaɗan, Vedder ya fara daga can ƙasan maƙogwaro kamar mai gunaguni, yana magana da mahaifin da bai sani ba, sannan a hankali ya ɗaga har ya buɗe murya gaba ɗaya. A haɗin 1991, lokacin da ya buɗe ɗin nan, sautin yakan tafi ya daɗe bai dawo ba, sai ka ji kamar kira ne aka yi wa wanda ba zai amsa ba. A Redux kiran yana tsayawa a bangon ɗaki. Kyakkyawa ce har yanzu, amma ta zama waƙar da ake rera maka, alhali a da waƙa ce da ka tsinci kanka a cikinta. Haka "Oceans", wadda aka gina ta kacokan a kan shawagi, da "Garden". A waɗannan ukun mun fi ganin haɗin Palmer, kuma ba da ƙaramar tazara ba.

"Black" ta fi wuyar yanke hukunci. Ita ce waƙar da Epic ya so a fitar a matsayin waƙar talla ƙungiyar ta ƙi, don suna ganin abin da ke cikinta ya fi ƙarfin a mayar da shi haja. Parashar ya buga fiyano da ogan a ciki, kuma a minti biyun ƙarshe komai yana hawa kan komai: fiyano yana maimaita jimla ɗaya, murya tana binsa, McCready yana kuka da jita a sama. A tsohon haɗin wannan ƙarshen guguwa ce, ba ka rarrabe komai amma tana ɗaukarka. A sabon kana ganin kowane zare, kuma shigowar waƙar, wadda ke farawa da siririn sauti kamar daga ƙaramar rediyo kafin ta buɗe, ta fi tsabta. Wanda ya fi son ya ji yadda aka ƙera waƙa zai zaɓi na biyu. Wanda ya zo don zuciyarsa ta karye zai zauna a na farko.

Masu sauri kuwa, "Once", "Why Go", "Porch", "Deep", Redux ya cinye su. "Deep" musamman, wadda jitocinta ke zamewa sama da ƙasa kamar jiniya, a 1991 takan zama hayaniya idan sifikar ba ta kirki ba ce. "Even Flow" ma ta amfana, kodayake matsalarta ba ta haɗi ba ce tun asali: sun yi ta maimaita ɗaukarta sau da dama a London Bridge ba su gamsu da tafiyar gangar ba, shi ya sa a 1992 suka sake ɗaukarta da Abbruzzese, kuma wannan sabuwar ce aka saka a bidiyonta. "Alive" da "Jeremy" suna tsayawa da ƙafarsu a kowane haɗi.

Abin da kake sauraro da shi yana iya juya duk wannan hukuncin. Sifikar waya ba ta fitar da ƙasan sauti, kuma sau da yawa takan haɗe hagu da dama wuri ɗaya. Eko yana rayuwa ne a faɗin da ke tsakanin kunnuwa biyu. Idan aka matse shi ya koma tsakiya, sai ya hau kan murya ya dusashe ta. Don haka a sifikar waya, ko ƙaramar sifikar Bluetooth mai baki ɗaya, ko cikin mota ana gudu gilashi a buɗe, ko inda janareta ke ruri, haɗin 1991 yana asarar abin da ya sa yake da kyau, ya bar maka hazon kawai. A irin waɗannan wurare Redux ya fi, har a kan "Release". Amma da hedfon mai rufe kunne, ko sifiku biyu da aka raba su kamar mita biyu kana zaune a tsakiya, da dare bayan gari ya yi shiru, tsohon haɗin yana buɗewa ya nuna zurfinsa. Shi kuma Redux a hedfon, idan an ɗaga ƙara, yakan gajiyar da kunne kafin a kai waƙa ta takwas, domin komai yana gaba kuma babu inda kunne zai huta.

Ingancin fayil ma yana da hannu. Kundin minti 53 ne da 'yan daƙiƙu. A kan kilobit 96 a daƙiƙa zai ci data kamar megabait 38, a kan 160 kamar 64, a kan 320 kusan 128. Matse fayil yana fara cin abubuwa marasa ƙarfi ne masu tsayi, wato jelar eko da shiiin farantan tagulla na ganga, ya mayar da su wani sauti kamar ruwa na tsiyaya a kwano. Haɗin 1991 ya dogara da waɗannan abubuwan, don haka shi ya fi cutuwa. Idan datar ba ta isa sai ƙaramin inganci, ɗauki Redux. Idan za ka sauke na 1991, kada ka yi ƙasa da 160, kuma 320 ya fi.

Akwai tarko guda da ke ɓata kwatancen yawancin mutane, shi ne ƙarfin sauti. Faifan da aka buga a 2009, na tsohon haɗin da na sabon, sun fi CD na 1991 ƙara, saboda a tsakanin shekarun nan al'adar mastarin ta koma matse sauti don ya yi ƙarfi. Kunnen ɗan'adam kuwa, in aka ba shi abu biyu, wanda ya fi ƙara ko da kaɗan ne yake ɗauka ya fi kyau, ya fi cika, ya fi haske. Saboda haka in za ka gwada da kanka, ka fara daidaita su. A Spotify ka shiga saituna ka kunna daidaita ƙarar waƙoƙi, ka kashe duk wani ikwalaiza da ƙarin bes na wayar. In fayiloli ne a kwamfuta, ka rage mai ƙarfin har muryar Vedder ta yi daidai a duka biyun, kada ka auna da ganga, don gangar ce aka fi canzawa. Sannan kada ka ji waƙa sukutum ka koma ɗayar, domin kunne ba ya riƙe launin sauti fiye da 'yan daƙiƙu. Ɗauki daƙiƙa 20 zuwa 30, ka ji a nan, ka ji a can, sau uku. Wurare uku sun isa: farkon "Why Go" inda ganga da bes ke shigowa su kaɗai, amshin farko na "Even Flow", da wurin da murya ke tashi a "Release". In ka gama wannan, ka ajiye gwaji, ka saurari kundi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe yau, ɗayan gobe. Gajeren gwaji yana nuna maka bambanci ne kawai, doguwar sauraro ce ke nuna wanda za ka iya zama da shi.

Ga mai son ya mallaki faifai a hannu, fitowar 2009 kala huɗu ce. Legacy CD biyu ne: na farko tsohon haɗin da sabon mastarin, na biyu Redux tare da ƙarin waƙoƙi shida, "Brother", "Just a Girl", "Breath and a Scream", "State of Love and Trust", "2,000 Mile Blues" da "Evil Little Goat". Deluxe shi ne wannan ɗin da ƙarin DVD na wasan MTV Unplugged, shirin talabijin da ake kiɗa da jitoci marasa lantarki, da suka yi a New York ranar 16 ga Maris, 1992. Akwai na faifan garmaho guda biyu, kowane haɗi da faifansa. Sai Super Deluxe, babban akwati mai ɗauke da duk waɗannan, da wasan Drop in the Park da suka yi kyauta a Magnuson Park na Seattle ranar 20 ga Satumba, 1992, da kwafin kaset ɗin nan mai waƙoƙi uku da Vedder ya aika, da kwaikwayon littafin rubutunsa. Ga mafi yawan mutane Legacy ya wadatar, don ya ba ka haɗin biyu a kuɗi ɗaya. Dalilin sayen Deluxe ya ragu tun da aka fitar da wasan Unplugged shi kaɗai, a garmaho a 2019, sannan a CD da intanet a 2020, sai dai in hoton kake so. Cikin ƙarin waƙoƙin shida, biyu ne masu nauyi: "Brother", wadda a da sai marar murya aka sani a kundin Lost Dogs na 2003, da "State of Love and Trust" da gangar Krusen, wadda ta fi wadda ke cikin fim ɗin Singles tafiya a hankali. Biyun ƙarshe wasa ne na situdiyo, sau ɗaya za ka ji su. Kuma kada ka saya da zaton za ka sami "Yellow Ledbetter" a cikin shidan nan, babu ita. A bayan faifan "Jeremy" ta fito, sai kuma Lost Dogs da rearviewmirror.

Game da garmaho, a yi hattara. Gefen faifai ɗaya yana ɗaukar kamar minti 20 zuwa 22 cikin walwala. Minti 53 a faifai guda yana nufin kowane gefe ya kai minti 26 a matsakaici, kuma don su shiga dole a matse layukan, a rage ƙara da ƙasan sauti. Sakamakon shi ne sai ka ɗaga amfilifaya, ƙarar allura da ƙura su taso tare da kiɗan, kuma waƙoƙin da ke kusa da tsakiyar faifan su fi saurin karcewa a kan harafin "s" da farantan ganga. Wannan ba laifin haɗin kowa ba ne, lissafin faɗin faifai ne. Wanda yake neman sautin 1991 na ainihi, da sararinsa tsakanin shiru da ƙara, tsohon CD na hannu ya fi masa araha kuma ya fi aminci. Ana gane shi da shekarar 1991 a bayan kwali ba tare da 2009 ba, da bangon nan mai launin hoda-hoda inda su biyar suka haɗa hannu sama a gaban manyan haruffan katako da Ament ya sassaƙa. Bugun Turai na 1992 yana da ƙarin uku, "Alive" ta wasan kai tsaye, "Wash" da "Dirty Frank". Na Japan yana da "I've Got a Feeling" ta Beatles.

Sauran kurakuran da ake yi ƙanana ne amma suna rikita mutum. Wanda ya ɗauki rearviewmirror don ya ɗanɗani Ten bai ji ko ɗaya daga cikin biyun da muke magana ba yadda ya kamata: "Once", "Alive" da "Black" na ciki haɗin 2004 ne, "Even Flow" kuma ɗaukar 1992 ce da wani makaɗin daban. Jerin waƙoƙin da mutane ke haɗawa a YouTube sukan cakuɗa duka, ka ji waƙa ɗaya da eko ta gaba babu, ka ɗauka kundin ne ba shi da tsari. Sannan kada a kunna shi a hargitse. Yana buɗewa da wani guntun kiɗa mai suna "Master/Slave" kafin "Once" ta faɗo, kuma kiɗan nan yana dawowa da tsayi bayan "Release" ya rufe da'irar. In ka ga an rubuta "Release" minti tara, dalilin ke nan, ba kuskure ba ne. A kuma sani cewa akwai ashar a wasu waƙoƙin, har da "Jeremy" da "Porch", ga batutuwan kisa da kashe kai, don haka ba kundin da za a saka a falo yara na zaune ba ne.

In mutum bai taɓa jin Ten ba, kuma yana da hedfon ko sifiku biyu da minti 53 na natsuwa, shawararmu ya fara da haɗin 1991. Shi ne wanda duniya ta ji a 1992, shi ne ya sa kundin ya zama abin da ya zama, kuma waƙoƙin da suka fi zurfi a cikinsa a wannan fili suka fi rayuwa. Bayan ya ji shi sau uku ko huɗu har waƙoƙin sun zauna, sai ya koma Redux, a lokacin ne zai ji daɗin gano abin da hazo ya rufe. In aka juya tsarin, aka fara da Redux, tsohon yakan zo wa kunne kamar an sa bargo a kan sifika, kuma da wuya mutum ya ba shi haƙurin da yake buƙata.

Amma wanda ya shigo Pearl Jam ta Vs. ko Vitalogy ya saba da busasshen sautinsu, ko wanda ya taɓa gwada Ten ya ajiye don ya ji masa kamar rok ɗin shekarun 1980, ko mai koyon jita da bes da ganga, ko wanda duk sauraronsa a waya ne da mota, Redux ne nasa, kuma bai yi asarar komai ba a bakwai ko takwas daga cikin goma sha ɗayan. Sai dai ko shi, ranar da ya sami hedfon na kirki, ya nemi "Oceans", "Garden" da "Release" na Tim Palmer.